Hajara Mai Banda da Karnukan Madarumfa

Duk wanda ya zauna Madarumfa a shekarun farko na 'yancin kai ya san Hajara mai banda, ko bai san fuskarta ba ya san hayaƙinta. Rumfarta tana gefen gari ta wajen tabki, inda masunta ke fitowa da hantsi. A nan ta gina murhunan laka ta jera sanduna a kai, tana kyafa tarwaɗa da gargaza da ƙurungu, fatake na zuwa daga Ɗan Issa da Jibiya su kwasa a kwanduna. Mace ce gajera mai kaurin hannu, idanunta kullum jajaye saboda hayaƙi. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi dariya har bakin ruwa ake ji.

Mijinta Shu'aibu masunci ne. Shi ke kamowa, ita ke gyarawa ta kyafa. 'Yarsu ɗaya ce, Maimuna, ta kuwa yi aure a Ɗan Issa, saboda haka su biyu ne a gida, sai wani baƙin kare da Shu'aibu ya raɗa wa suna Bar-su, mai tsaron komar kamun kifi in an shanya ta.

Mai gyaran kifi ba ta rasa kayan ciki da kawuna na zubarwa, karnukan gari kuwa sun gane haka tun da daɗewa. Kowace safiya sai su taru nesa kaɗan da rumfar, su zauna suna jira. In Hajara ta gama, sai ta buga bayan wuƙa a bakin tasa, su sheƙo a guje, ta watsa musu. Ta san kowanne da gidan da ya fito: na mahauta, na masu lambu, da dogayen karnukan farauta na Tanko, aminin mijinta, wanda ke shiga dajin Baban Rafi da su. Ba wai tana son su ba ne. Takan tattare zanenta kada su taɓa ta su ɓata mata tsarki. Amma ba ta taɓa korarsu ba.

Wata damina Bar-su ya dawo daga jeji da kunne a yage. Aka ce ko da dila ya yi faɗa, ba wanda ya ƙara bi ta kai. Bayan 'yan makonni sai ya canza. Ya shige ƙarƙashin rumbu ya ƙi fitowa, ya ƙi abinci, yana ta gaggatsar gindin rumbun. Shu'aibu ya durƙusa ya miƙa hannu don ya jawo shi, kare ya cafke shi a wuyan hannu, ya fita da gudu. Tanko ne ya bi sawunsa ya harbe shi a bayan gonaki. Ya dawo da hantar karen da ɗan gashinsa, kamar yadda ya ga iyayensa na yi. Aka ƙona gashin aka barbaɗa a ciwon, Hajara da hannunta ta gasa hantar, Shu'aibu ya rufe ido ya haɗiye. Liman ya ba da rubutu aka sha. Ciwon ma bai kai a kira shi ciwo ba, ya warke nan da nan. Lokacin gulbi ya cika ya yanke hanyar Maraɗi, kifi kuma ya shigo tabki da yawa, Shu'aibu ya koma ruwa.

Sai da aka gama girbin hatsi, aka fara cirar gyaɗa, sannan ya ce da ita wurin cizon yana yi masa ƙaiƙayi kamar tururuwa na yawo a ciki. Washegari zazzaɓi ya rufe shi, bai fita ba. Da rana ta take ya ce ta ba shi ruwa. Ta ɗebo daga randa a ƙwarya ta kawo. Ya karɓa, ya kai baki, sai wuyansa ya ƙage, ya yi wani irin shiɗewa, ƙwaryar ta faɗi.

Ta ce, "Malam, mi ya same ka?"

Ya ce, "Ƙishirwa nike ji, Hajara. Wallahi ƙishirwa nike ji. Amma ɗauke shi, kada in gan shi."

Ta sake ɗebowa, ta zo ta bayansa don kada ya gani. Ƙarar zubar ruwan kawai da ya ji ta sa ya zabura ya manne da bango. Mutumin da tun yana ɗan yaye yake iyo a tabki, ga shi yana rawar jiki saboda ruwan da bai cika moɗa ba.

Ta aika aka kira Haruna, anfirme, wato ma'aikacin jinya da ke gidan likita. Ya shiga ɗaki, bai daɗe ba ya fito, ya ja ta gindin bango.

Ya ce, "Inna, kare ya taɓa cizonsa?"

Ta ce, "Tun damina. Ya warke sarai."

Haruna ya sunkuyar da kai. Ya ce da a ranar aka wanke wurin da sabulu aka kai shi Maraɗi, akwai allurai da ake yi a ciki, kullum ɗaya, suna tare cutar kafin ta hau kai.

Ta ce, "To a kai shi yanzu. Gulbi ya janye."

Ya ce, "Inna, yanzu sai addu'a."

Shu'aibu bai haukace gaba ɗaya ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Abin yakan taso masa ya yi ta fizge-fizge, yawu na zuba, sannan ya lafa, ya dube ta da idonsa na kullum ya tambaya ko an kwashe komar daga rana. A irin wannan lafawar ne ya roƙi Tanko ya ɗaure shi a gado, don yana tsoron kada ya ji wa wani ciwo. Tanko ya ɗaure shi yana hawaye. Mata suka cika tsakar gida, wasu na raɗa cewa 'yan kwikwiyo ne a cikinsa. Hajara ta zauna a bakin ƙofa tana jiƙa tsumma a ɓoye, in ya yi shiru sai ta goga masa a leɓe. Ya cika wata ranar Talata bayan la'asar, kafin Maimuna ta iso daga Ɗan Issa.

Da ta fita takaba ta koma rumfarta, tana sayen kifi a hannun sauran masunta. Amma kayan cikin sai ta haƙa rami ta binne. Kare ya matso, ta zaro bakin wuta daga murhu ta jefe shi. Duk da haka ba su daina zuwa ba. Sukan zauna can nesa suna kallonta, ita kuma ta juya musu baya.

Ranin nan cutar ba ta tsaya kan Shu'aibu ba. Wata saniya ta haukace a garken Fulani, aka ji labarin wani manomi ta wajen garin Sarkin Yamma da ya mutu irin wannan mutuwa. Sai umarni ya zo daga kumandan mai mulkin yankin cewa a kashe duk karen da ke yawo. Sanƙira ya zaga gari ya ce mai son karensa ya ɗaure shi a gida. Wasu ma'aikata suka zo da farin garin guba a kwalba, suka barbaɗa a nama suka ajiye a lunguna, amma karnuka da suka ga baƙin mutane da manyan takalma sai suka watse. Wani dogari ne ya ce ai akwai wadda in ta kira za su zo.

Ba su gama yi wa Hajara bayani ba ta ce ta yarda. Ta tara kayan cikin kifi tasa guda, suka zuba garin, ta juya da sanda. Ta tsaya inda ta saba tsayawa, ta buga bayan wuƙa a bakin tasa. Suka sheƙo daga ko'ina, suna kaɗa wutsiya, don sun daɗe ba su ji wannan ƙarar ba. Tanko ya tafi kasuwar wani ƙauye tun da sassafe, bai ji shelar ba, karnukansa kuwa ba a taɓa ɗaure su ba. Su ne ma suka fara isowa, don sun fi sauri. Hajara ta gan su, ta gane su, ta watsa.

Ta yi zaton za su faɗi ne kawai su mutu. Ba haka ta kasance ba. Sai ƙafafunsu su sandare, baya ya lanƙwashe, su yi ta birgima a ƙasa haƙora a waje, abin ya sake su su yi yunƙurin tashi, ya sake kama su. Bakin tabki ya cika da kuka. Masunta suka bar jiragensu suka tsaya cirko-cirko. Hajara ba ta gusa ba, tasar na hannunta, har sai da na ƙarshe ya daina motsi.

Tanko ya dawo da yamma. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana juya su da ƙafa har ya tattara nasa. Sannan ya zo bakin rumfa.

Ya ce, "Hajara, ni na harbe Bar-su. Ni na ɗaure Shu'aibu, ni na kama makararsa. Waɗanga mi suka yi miki?"

Ta ce, "Kare kare ne, Malam Tanko."

Ya dube ta, ya juya. Daga ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba.

Ba a binne gawarwakin da zurfi ba. Ungulaye suka tono suka ci, kwana kaɗan aka riƙa tsintar ungulayen a mace a ƙarƙashin itatuwa. Mutanen gari suka daina sayen kifinta, wai wa ya san tasar da ta zuba a ciki. Ta jefa tasar a rami a gaban jama'a, ta sayi sabuwa, bai hana ba. Sunan mai banda ya koma mai guba. Fataken waje ne kawai suka riƙe ta, su da ba ruwansu da labarin.

Garin ya yi shiru na ɗan lokaci. Daga nan birai suka gane babu mai korarsu, suka riƙa shiga lambuna da rana tsaka suna ɓarnar tumatir da kankana. Dila ya shigo har cikin gidaje yana ɗaukar kaji. Masu lambu suka fara sayo 'yan kwikwiyo daga rugagen Fulani da kasuwannin ƙetaren iyaka, a buhu, a kwando. Kafin a ankara gari ya sake cika da karnuka, sababbi, waɗanda ba wanda ya san asalinsu. Tanko dai bai koma farauta ba. Ya ce shekarunsa sun wuce na horar da garke, ya zauna ƙofar gida yana tufkar igiya.

Shekaru suka ɗan tura, cutar ta dawo. Wata amarya ce a unguwar mahauta, kare ya cije ta a dunduniya tana dawowa daga rijiya. Hajara ta yafa gyale ta tafi dubiya. Tun daga zaure ta ji wannan shiɗewar da ta sani. Ta dafa bango ta daɗe a tsaye, sannan ta juya. A hanya ta wuce ramin da aka binne karnukan da ta kira, ciyawa ta rufe shi. Ran nan ba ta hura wuta ba.

Bayan rasuwar amaryar da 'yan watanni, a tsakiyar bazara, motar gwamnati ta shigo gari da Malam Isa likitan dabbobi, wanda kowa ya sani saboda shi ke zuwa yi wa shanu rigakafi kowace shekara. Wannan karon ya zo da akwati mai ƙanƙara a ciki. Sanƙira ya yi shela cewa an kawo allurar da ke hana kare haukacewa, kowa ya kawo nasa gindin tsamiyar kasuwa. Mutane suka saurara, suka shiga gida, suka fitar da karnukansu ta bayan danga suka kai gona. Malam Isa ya zauna a gindin tsamiya tun hantsi har rana ta take, ba kare ko ɗaya. Can ya tashi ya nufi bakin tabki.

Ya yi sallama ya ce, "Inna, sannu da aiki. An ce mini karnukan garin nan suna jin kiranki."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na taɓa yi ma irinku. Ka tambayi wanda ya aiko ka yadda aka ƙare."

Ya ce, "An gaya mini. Ni ba kisa ya kawo ni ba." Ya tsuguna gefen murhu, hayaƙi na shiga masa ido. "An kashe na da, ko ba haka ba? To wasu suka zo, cutar ta zo tare da su. Ko yau a sake kashewa, baɗi haka za a yi. Amma in aka yi wa waɗanga allura aka bar su da ransu, mahaukacin kare ya shigo ya ciji ɗaya, a nan abin zai tsaya. Sai dai fa a samu mafi yawansu. In kaɗan aka yi wa, an yi aikin banza."

Ta juya kifi a kan sanduna. Ta ce, "Da an yi ma namu irin wagga allura, da bai haukace ba?"

Ya ce, "Da izinin Allah, da bai haukace ba."

Ta gyara itacen murhu. Sannan ta ce, "Ko na kira su, wa zai riƙe maka? Kare ba tunkiya ba ne."

Ya ce an gaya masa mutum ɗaya ne a garin ya iya, ya je wurinsa, ya ƙi ko amsa masa sallama. Ya kuma ce ƙanƙarar da ke akwatinsa ba za ta kai gobe ba, in ta narke maganin ya lalace.

Hajara ta rufe wutar da toka, ta wanke hannu, ta bi ta cikin gari zuwa ƙofar gidan Tanko. Ta same shi ya kafa igiya a babban yatsan ƙafa yana tufka. A bayansa wata jar karya tana kwance, wadda ya raina shi kaɗai, ba ta fita ko'ina sai da shi. Hajara ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ci gaba da murza igiyarsa. Ta faɗa masa abin da likita ya ce, kamar yadda ta ji, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ke suka aiko? Duk garin nan ke suka ga ta dace?"

Ta ce, "Ni na kawo kaina."

"In ya soka ma wagga karya ta mutu fa?"

"Ban da abin da zan rantse maka da shi, Malam Tanko. Ni ma ban taɓa gani ba. Amma na je gidan mahauta, na kasa shiga."

Hannunsa ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba da tufka. Ta jira kaɗan, ta tashi.

Ta koma rumfa ta tara kayan cikin kifi. Malam Isa ya shirya allurarsa ya tsaya bayan zana. Ta ɗaga wuƙa ta buga a bakin tasa. Ta sake bugawa. Babu abin da ya motsa. Karnukan da suka san wannan ƙarar duk sun mutu tun tuni, na yanzu kuwa abin da suka sani game da ita shi ne bakin wuta. Wasu 'yan tsiraru ne wari ya jawo, suka tsaya nesa, da ta matsa suka gudu. Mata masu ɗibar ruwa suka tsaya suna nuna ta, wata ta ɗaga murya ta ce mai guba ta sake tashi.

Rana ta yi sanyi, Malam Isa ya fara ɗaure kaya, sai ga Tanko da jar karyarsa a igiya. Bai kalli Hajara ba. Ya matse kan karyar tsakanin gwiwoyinsa ya ce da likita, "Yi." Aka soka, karya ta ɗan yi ƙara, aka shafa mata jan fenti a goshi don shaidar an yi mata. Mutum biyu ko uku daga masu lambu da suka ga haka suka kawo nasu. Shi ke nan abin da aka samu. Sauran maganin ya lalace. Malam Isa ya ce zai roƙa a sake ba shi bayan kaka, amma bai yi alkawari ba.

Tun washegari Hajara ta daina binne kayan ciki. Takan buga tasa ta watsa, ta koma cikin rumfa ta juya baya, don ba ta iya kallonsu suna ci. Da farko sai ta bar wurin suke matsowa. Masu karnuka suka kai ƙararta wurin mai gari, ya kira ta, ta yi bayani, ya ce a zuba mata ido. Aka zuba ido, ba karen da ya mutu. Tanko kuwa ya ɗauki wata sabuwar al'ada: duk ranar kasuwa sai ya ratsa ta tsakiyar rumfuna da jar karyarsa, a hankali, ba ya sayen komai, ba ya ce wa kowa komai. Fentin ya goge, amma kowa ya san ita ce. A damina ma ta haihu.

Malam Isa ya dawo bayan an sa hatsi a rumbu. Wannan karon da Hajara ta buga tasa ƙura ce ta tashi. Tanko ya zo da sanda mai baki biyu da tsohon buhu. Sai ya danne wuyan kare da sandar, ya rufa masa buhu a kai, likita ya soka, Hajara ta tsoma tsumma a fenti ta shafa a goshi. A ranar ta fara taɓa kare da hannunta. Masu karnuka suka yi layi har bakin ruwa, wasu daga ƙauyuka suka zo da nasu a kan jaki. Aka yini ana yi, aka wayi gari aka ci gaba. Da aka gama Tanko ya zauna a kan turmi yana haki, hannuwansa duk ƙarce. Hajara ta ɗauko tarwaɗa mafi girma a kan wuta ta naɗe a ganye ta ajiye a gefensa. Ya ɗauka ya sa a aljihun riga ya ce, "A gaida gida." Iyakar sulhunsu ke nan.

Shekarar nan da ta bayanta ba a ji mahaukacin kare a Madarumfa ba. Likita ya sake zuwa, aka yi wa sababbin haihuwa. Mutanen gari suka koma sayen kifinta, ko da yake wasu tsofaffi har suka mutu ba su sa shi a baki ba.

Sai fari ya zo. Ruwa ya ƙi sauka damina bayan damina, tabki ya ja baya ya bar taɓo mai tsagewa, kifi ya yi wuya. Buzaye da Fulani suka gangaro daga arewa da abin da ya rage na dabbobinsu, suka kafa bukkoki a bayan gari. Shanu na faɗuwa a kan hanya, karnukan da masu su suka kasa ciyarwa suka koma cin mushe, suka haɗu garke-garke, ba mai fenti a goshi ko ɗaya. Lokacin allura ya zo ya wuce. Hajara ta tare wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ta ba shi saƙo zuwa ga Malam Isa, amsa ta dawo cewa an tura shi arewa wajen shanun da ke mutuwa, maganin karnuka kuwa babu, man mota ma babu. A shekarar da soja suka karɓi mulki Tanko ya kwanta da tari, bai tashi ba.

Wata rana da azahar Hajara na zaune a rumfa, murhu ɗaya kawai ke hayaƙi, sai ta ji ihu ta wajen taɓo. Wata Buzuwa ce doguwa, ramammiya, ta zo ɗibar ruwa da salka, wani kare mai dalalar yawu ya faɗa mata ya yage mata ƙwauri, ya wuce bai ko waiwaya ba. Matar ta ɗebi ƙasa za ta tusa a ciwon. Hajara ta ruga ta riƙe hannunta, ta ja ta zuwa rumfa. Matar ba ta jin Hausa, Hajara ba ta jin yarenta. Ta ɗauko guntun sabulun da ya rage mata, ta zuba ruwan shanta duka, ta yi ta cuɗa ciwon, matar na ihu tana dukanta a kafaɗa. Mijin ya iso da takobi a rataye, fuska a naɗe. Aka samu wani mai jin yarensu ya tsaya a tsakani.

Hajara ta ce, "Gaya mishi ya kai ta Maraɗi yau. Ba gobe ba."

Mijin ya ce raƙumarsu ɗaya ta rage, ita ma ba ta iya tashi, in ya bar ta za ta mutu, kuma ciwon ai ba wani babba ba ne.

Ta ce, "Gaya mishi na san ƙanƙantarsa. Gaya mishi in ta fara gudun ruwa, ko likitan duniya duka ya tara ba su iya komi."

Akwai kamiyon da ya kawo dawar agaji, yana shirin komawa. Hajara ta je ta tsaya a gabansa, ta dafa ƙarfen gaba da hannu biyu, direba na ta hon yana zaginta, ta ce sai dai ya bi ta kanta. Jama'a suka taru, aka sa baki, direba ya haƙura. Aka ɗora matar a baya kan buhunan da babu komai a ciki. Mijin ya tsaya yana duban bukkoki, yana duban mota, sai da ta fara tafiya ya kama ƙarfe ya haye.

Ba su dawo ba. Bayan 'yan kwanaki danginsu suka tashi suka yi kudu. Hajara ta tambayi direban da ya sake zuwa, ya ce shi dai ya sauke su a ƙofar asibiti. Ta tambayi Haruna anfirme, ya ce a irin wannan shekara ba shi da tabbacin ko akwai allurar a can. Duk Buzun da ya biyo ta bakin tabki sai ta tare shi da kwatance, doguwa, mai tabo a ƙwauri, ba wanda ya gane wadda take nufi.

Ruwa ya dawo, tabki ya cika, amma ƙirjin Hajara ya riga ya gaji da hayaƙi. Allurar karnuka ta riƙa zuwa jefi-jefi, shekara ta zo, shekaru su wuce ba ta zo ba, kuma ba a sake samun mai riƙewa kamar Tanko ba. Kafin shekarun saba'in su ƙare Maimuna ta zo da mijinta suka matsa mata, suka ɗora kayanta a amalanke suka tafi da ita Ɗan Issa. Wata maƙwabciya ta gaji murhunan. A can Hajara ta rasu, a ɗakin da ke bayan shagon surukinta, damina biyu bayan ta bar bakin tabki.